YANKAN FARCEN ƘARAMIN KARE A GIDA

Darasi domin masu gida da iyalinsu

An rubuta wannan darasi domin mutanen da ke ajiye kare a gida, ko don gadi, ko don farauta, ko don tsaron garke. Ana so wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a dandali, sa'an nan a taru a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Wani zai ce, ina ruwan ma'aikatan lafiya da farcen kare? Ai wannan aikin malamin dabbobi ne. To, ga dalili. Mu da ke aiki a ɗakin magani mu kan ga yaran da a ke kawowa da karce a fuska, ko a hannu, ko a ƙwauri. In an tambaya, sai uwar yaro ta ce, "Malam, ai ɗan kwikwiyonmu ne, wasa su ke yi, bai cije shi ba." Yawancin iyaye sun san cizon kare abin tsoro ne, amma sun ɗauki yakushi ba kome ba ne. Alhali kuwa ƙaramin karce ƙofa ce, cuta tana iya shiga ta nan kamar yadda ta ke shiga ta babban rauni. Saboda haka darasin nan zai koyar da abu biyu: yadda za a rage wa kare farce ba tare da an ji masa ciwo ba, da kuma abin da za a yi in farcen ya riga ya taɓa mutum.

1. ABIN DA KE SA FARCE YA YI TSAWO

Farcen kare yana tsiro kullum, kamar namu. Karen farauta, wanda ke gudu a kan fako da tsakuwa da duwatsu, ƙasa ce ke goge masa nasa, ba ya bukatar kowa ya yanke masa. Amma ƙaramin kare ba haka ya ke ba. Na fari, ba shi da nauyin da zai danne farcensa a ƙasa har ya goge. Na biyu, yawancin zamansa cikin gida ne, a kan yashi mai laushi, wani ma a ɗaure ya ke wuni. Haka kuma tsohon kare da ya daina yawo, da karen da ya daɗe yana jinya. Da damina kuwa, sa'ad da ƙasa ta yi taushi, har karen da ke yawo ma farcensa ya kan ƙaru.

Ga yadda za ka gane farce ya wuce kima. Tsai da karen a kan daɓe ko siminti, ka durƙusa ka dubi ƙafafunsa daga gefe. In farata suna taɓa ƙasa yana tsaye, sun yi tsawo. In yana tafiya a kan siminti kana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas, sun yi tsawo. In suna sarƙewa a tabarma ko a buhu, ko sun fara lanƙwashewa kamar lauje, to, lokacin ya ma wuce.

2. ILLAR DOGON FARCE

Ga karen kansa: duk sa'ad da ya taka, dogon farce ya kan tura yatsa baya, yatsun su buɗe, tafiya ta zama da zafi. Wani lokaci farcen ya kan maƙale a wani abu ya tsage, ko ya fizge daga tushe. Wani kuwa ya kan lanƙwashe ya shiga cikin naman dagi, wurin ya kumbura ya yi mugunya, ƙuda ya bi, har tsutsa ta shiga. Kare mai ciwo kuwa saurin fushi gare shi. Yaron da ya saba jan ƙafarsa jiya lafiya, yau in ya ja sai ya sha cizo.

Ga mutanen gida: kare ya kan tona ƙasa, ya taka kashi, ya bi juji. Duk wannan ƙazanta tana taruwa a ƙarƙashin dogon farce. A cikin ƙasa da kashin dabbobi ne a ke samun ƙwayar ciwon nan mai sa muƙamuƙi ya sandare, wanda a ke kira sarƙe-haƙora. A cikin kashin kare kuma akwai ƙwan tsutsar ciki wanda ido ba ya gani, in ya shiga bakin yaro ya kan sa masa ciwo. Abin da ya fi duka muni shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayarsa a cikin miyau ta ke. Kare kuwa ya kan lashi ƙafafunsa, saboda haka miyau yana iya kasancewa a kan farce sa'ad da ya karci mutum.

Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa, haka kuma haƙƙin 'ya'yansa da na maƙwabta. Rage farce ƙaramin aiki ne, ba ya cin kwabo, amma yana daga cikin wannan haƙƙi.

3. YADDA FARCEN KARE YA KE

Kafin mutum ya sa ƙarfe a jikin dabba, ya kamata ya san abin da zai yanka.

Kowace ƙafar kare tana da yatsu 4 masu taka ƙasa, kowanne da farcensa. Ban da waɗannan, akwai wani ƙaramin yatsa a can sama kaɗan, ta gefen ciki na ƙafafun gaba. Watau yawancin karnuka farata 18 gare su. Wasu suna da irin wannan ƙaramin yatsa har a ƙafafun baya. Ku lura da shi da kyau, gama ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan, ba abin da ke goge shi. Shi ne ya fi lanƙwashewa ya huda fata, shi ne kuma a ka fi mantawa, don gashi ya kan rufe shi.

Farcen kare kashi biyu ne. Akwai ɓawo mai tauri a waje, wanda ya zarce har tsini. Wannan za mu kira mataccen farce, yankansa ba zafi ba jini. A cikinsa kuma akwai nama mai jijiya da jini, wanda ya taso daga tushe ya tsaya kafin tsini. Wannan za mu kira ɗanyen farce. In ƙarfe ya taɓa shi, kare zai yi ƙara, jini ya zuba. Dukan gwanintar aikin nan ita ce a cire mataccen, a bar ɗanyen.

In farcen fari ne, aikin da sauƙi. Ɗaga shi wajen hasken rana, ko ka haska tocila ta bayansa, za ka ga ɗanyen ja-ja a ciki, tsinin kuwa fari fat. In baƙi ne, ba za ka ga kome daga waje ba, sai an bi dabarar da za a faɗa a gaba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. In an bar farce ya yi tsawo, ɗanyen ma ya kan bi shi ya yi tsawo. In kuwa ana rage tsinin kaɗan kaɗan a kai a kai, ɗanyen ya kan ja da baya. Don haka farcen da ya daɗe ba a taɓa shi ba, ba a mai da shi daidai rana ɗaya.

4. KAREN DA BA A TAƁAWA

Wannan kashi shi ne mafi muhimmanci a darasin. Aikin nan ya kan kawo hannun mutum da fuskarsa kusa da bakin kare. Saboda haka ba kowane kare a ke yanke wa farce a gida ba. Kada ka taɓa:

(a) Karen da ba naka ba, ko wanda a ka tsinto, ko wanda a ka kawo maka kwanan nan ba ka san tarihinsa ba.

(b) Karen da ba a yi wa allurar rigakafin hauka ba. A fara kai shi a yi masa.

(c) Karen da wani kare ko naman daji ya ciza. A gaya wa malamin dabbobi tukuna.

(d) Karen da halinsa ya sake. Mai fara'a ya koma faɗa, ko mai faɗa ya yi lakwas. Yana cizon itace da duwatsu, yana dalalar da miyau, haushinsa ya sake murya, muƙamuƙinsa ya saki, ko ƙafafun baya sun fara shanyewa. Waɗannan alamun hauka ne.

Ku sani ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Wani shiru zai yi a lungu, baki a buɗe, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ciro ƙashin. Kada kuma a ce ai ɗan kwikwiyo ne. Kwikwiyo ma yana kamuwa, shi ne kuma yara su ka fi ɗauka. In kun ga irin wannan, ku rufe shi inda ba wanda zai kai gare shi, in hakan zai yiwu ba tare da an taɓa shi ba, ku janye yara, ku sanar da mai unguwa da malamin dabbobi nan da nan.

Haka nan, in farce ya riga ya shiga nama, ko ya tsage har tushe, ko yatsa ya kumbura yana wari, wannan ya wuce aikin gida. A kai shi ofishin dabbobi.

5. KAYAN AIKI

A tara kome a wuri ɗaya kafin a kira karen:

Abin yanka. Akwai almakashi na musamman domin farcen kare, mai baki kamar jinjirin wata, a kan samu wurin masu sayar da magungunan dabbobi. Shi ya fi. Abin yankan farce irin na mutane ya isa ga kwikwiyo mai siririn farce, amma ga wanda ya girma matse farcen ya ke yi har ya tsage, gama farcen mutum shimfiɗaɗɗe ne, na kare kuwa zagayayye. Kowanne za a yi aiki da shi, ya zama mai kaifi ne, kuma na kare ne kaɗai. Kada mutanen gida su yanke nasu da shi.

Magagari, irin na maƙera ko na kafinta, mai ƙananan haƙora. In babu almakashi, magagari kaɗai ya isa yin aikin duka. Ya fi jinkiri, amma da wuya ya kai ga ɗanye ba ka ankara ba. Ga wanda bai saba ba, wannan ita ce hanyar da ta fi aminci.

Garin masara mai laushi, ko sitaci, ko dakakken alif irin wanda a ke tace ruwa da shi, cikin ɗan murfi. Wannan domin tsai da jini ne.

Tsumma mai tsabta, da sabulu, da ruwa a buta.

Tsohon zane ko buhu na naɗe karen, da ƙyalle mai tsawon kamu biyu na takunkumi.

'Yan gutsattsarin nama ko wani abin da karen ke so.

Kada a yi da reza, ko aska, ko wuƙa. Farcen kare tauri gare shi, kare kuwa ba ya tsayawa cik. In ya fizge ƙafa, kaifin zai sauka a daginsa ko a yatsanka, sa'an nan ga rauni a hannunka kusa da bakin kare.

6. SABO DA RIƘO

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Karen da a ka saba kama wa ƙafa tun yana ƙarami ba ya gardama in ya girma. In naka bai saba ba, ka ɗauki kamar mako guda kana sabar masa. Yau ka shafa ƙafar, ka ba shi ɗan nama. Gobe ka riƙe dagin, ka ɗan matsa yatsu, ka ba shi. Jibi ka nuna masa almakashin ya sansana. Sa'an nan ka taɓa farce da shi ba tare da ka yanka ba. Kada ka buge shi, kada ka daka masa tsawa. Karen da a ka yi wa dole sau ɗaya ba ya mantawa.

A yi aikin da safe ko da la'asar, a waje inda haske ya ke, bayan karen ya yi yawo ya gaji. Mutum biyu a ke bukata, mai riƙo da mai yanka, dukansu manya, kuma waɗanda karen ya sani. Wanda ke da rauni ko ƙurji a hannu kada ya shiga. Yara su tsaya nesa.

Mai riƙo ya zauna a tabarma, ya jingina karen a jikinsa. Hannu ɗaya ya zagaye wuyan ta ƙarƙashi, ba tare da shaƙewa ba, don kan ya fuskanci wani gefe. Ɗaya hannun ya rungume ƙirjin. In karen mai mutsu-mutsu ne, a naɗe shi da zane, a bar kai a waje, a riƙa fito da ƙafa ɗaya ɗaya.

In ana shakkar zai kai cizo, a sa takunkumi. A zagaya ƙyalle a kan hancin daga tsakiya, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a bi da bakin ƙyallen biyu ta ƙarƙashin kunnuwa, a ɗaure a ƙeya da ƙullin da za a iya zarewa da sauri. Kada takunkumi ya wuce 'yan mintoci, gama da haki ne kare ke rage zafin jikinsa, in an rufe masa baki cikin rana zai galabaita. Kare mai gajeren hanci, ko mai wahalar numfashi, ba a sa masa.

7. YADDA A KE YANKAN

Na 1. Goge ƙafar da jiƙaƙƙen tsumma don ka ga abin da ka ke yi. Duba tsakanin yatsu, ka cire ƙarangiya ko tsidau ko kaska in akwai.

Na 2. Riƙe dagin a tafin hannunka. Kada ka ja ƙafar gefe, kada ka murɗa ta, bar ta ta lanƙwashe yadda ta saba. Sa babban yatsanka a kan yatsan karen, manuni a ƙarƙashi, ka ɗan matsa. Farcen zai fito sarai. Kawar da gashi.

Na 3. In farin farce ne, nemi inda jan ya ƙare. Bar tazarar milimita 2 daga nan, watau kamar kaurin tsinken ashana, sa'an nan ka yanke abin da ya rage wajen tsini.

Na 4. In baƙi ne, yanki tsinin kaɗai, ɗan siriri. Sa'an nan ka dubi fuskar wurin da ka yanka. In ka ga fari-fari ne busasshe kamar alli, kana cikin matacce, kana iya ƙara wani ɗan siririn. In ka ga wani ɗigo mai duhu, mai ɗan sheƙi, ya bayyana a tsakiya, ka tsaya nan. Ɗanyen yana bayansa.

Na 5. Sa bakin almakashi ya kama farcen ta sama da ƙasa, kada ya kama ta gefe da gefe. Yanka da sauri gaba ɗaya. In kana matsawa a hankali, murƙushe farcen ka ke yi.

Na 6. Goge bakin da magagari har kaifin ya tafi. Kada a tsallake wannan, gama sabon yankakken farce ya fi tsohon karce. Gwada a kan tsumma, in bai kama zare ba ya yi.

Na 7. Bi farata ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirgawa. Na ƙafafun baya sun fi gogewa da kansu, sau da yawa goga kaɗai su ke so. Kada ka manta da ƙaramin yatsan nan na sama.

Na 8. Bayan kowace ƙafa, yaba masa, ka ba shi ɗan nama. In ya fara kokawa ƙwarai, ko yana gurnani, a sake shi. Ƙafa ɗaya yau, ɗaya gobe, ba laifi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai aiki da magagari kaɗai ya bi wannan tsari, sai dai ya riƙe yatsan da kyau, ya riƙa goga ta fuska ɗaya, yana dubawa bayan kowace goga uku ko huɗu.

In an gama, a share gutsattsarin farcen a zuba a masai ko a binne. A wanke kayan aiki da sabulu, a shanya, a ajiye inda yara ba su kaiwa. Mai riƙo da mai yanka su wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin su taɓa abinci.

8. IN JINI YA FITO

Ko gwani ya kan taɓa ɗanye wata rana. Jinin ya kan yi kamar da yawa, amma ba abin firgita ba ne. Mai riƙo kada ya saki. Ɗebi garin masara ko alif ka cusa a bakin farcen, ka danne da tsumma mai tsabta minti 5, ba ka ɗagawa kana leƙe. In babu gari, a danna bakin farcen cikin sabulu mai ɗan taushi har ya toshe. Bayan jini ya tsaya, a bar aikin ran nan, a hana karen gudu da shiga taɓo har gobe.

Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, kada kuma a ƙona wurin da wuta. In jini bai tsaya ba bayan minti 20, ko yatsan ya kumbura bayan kwana biyu, ko karen yana ɗingishi, a kai shi wurin malamin dabbobi.

9. SAU NAWA A KE YI

A duba ƙafafun kowane mako. Yawancin ƙananan karnuka su kan bukaci yanka sau ɗaya cikin mako 3 ko 4. Wanda farcensa ya riga ya yi tsawo ƙwarai, a riƙa rage masa ɗan tsini kowane mako, har ɗanyen ya ja da baya, farcen ya daina taɓa ƙasa. Wannan ya kan ɗauki wata ɗaya ko biyu. A kuma riƙa fita da shi a igiya yana taka ƙasa mai tauri, wannan zai rage maka aiki.

10. IN KARE YA KARCI MUTUM

Ko wajen yankan farce, ko wajen wasa, ko a hanya, in farcen kare ko haƙorinsa ya karce fata, ko ya lashi wurin da ke da rauni, ga abin yi.

Na fari, wanka. Nan take, kafin a nemi kowa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ɗaya yana zubawa ɗaya yana cuɗawa, har minti 15. A duba agogo, gama minti 15 ya fi yadda a ke zato tsawo. Wannan wanki yana kawar da ƙwayoyin cuta masu yawa, kowane gida kuma yana da ikon yinsa. In akwai aidin ko sifirit, a shafa bayan wankin.

Na biyu, kada a ɗaure wurin tam, kada a sa barkono, ko ganye, ko toka, ko ƙonannen gashin karen. Ba su kashe ƙwayar cutar, sai ɓata lokaci.

Na uku, a tafi asibiti ran nan, ko da jini bai fito ba. A gaya wa malamin asibiti gaskiya: karen wane ne, yaushe a ka yi masa allura, yaya halinsa. In akwai takardar allurarsa a tafi da ita. Ma'aikacin lafiya ne zai yanke ko za a yi allurar haukan kare da ta sarƙe-haƙora. Mai gida ba shi ne zai yanke ba.

Na huɗu, a killace karen kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa, ana lura da shi. In ya yi ciwo, ko ya mutu, ko ya ɓace cikin kwanakin nan, a koma asibiti a faɗa nan da nan. Amma kada a zauna jiran kwana 10 kafin a fara zuwa asibiti.

Dalilin wannan gaggawa shi ne, ciwon haukan kare ɓoyewa ya ke yi. Raunin zai warke, a manta. Yawanci sai bayan wata 2 ko 3 alamu za su fito, wani bayan mako guda, wani har shekara. Kafin su fito, allura tana hana shi. Bayan sun fito, watau mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kamar 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu daga kare su ka samu.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Tsofaffi za su tuna allurar da, wadda a ke yi a ciki har sau 14 ko fiye. An bar wannan. Ta yanzu a hannu a ke yi, ko a cinya ga jarirai, a 'yan ranaku da za a rubuta maka. Mai ciki da mai goyo da jariri duk ana yi musu. Wanda ya fara, lalle ne ya cika, kada ya tsallake rana.

Ku koya wa yara su faɗa in kare ya karce su. Yaron da ya san za a doke shi, ɓoyewa zai yi. Ku ce masa, "In kare ya taɓa ka, ka zo ka gaya wa Baba ko Inna, ba mai dukanka."

11. ALLURAR KARE

Kada wani ya ɗauka in ya yanke wa karensa farce ya tsira daga ciwon hauka. Yankan farce yana rage karce ne kawai. Abin da ke tsare kare daga hauka allura ce. A kan yi ta in kwikwiyo ya kai wata 3, a kuma maimaita kowace shekara. A ƙasar nan, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana daga cikin masu yin wannan allura. Masana sun tabbatar in an yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, ana kuma maimaitawa, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Saboda haka allurar karenka kariya ce ga maƙwabcinka, tasa kuma kariya ce gare ka. Ran 28 ga Satumba ta kowace shekara, tun 2007, ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Ku tambayi ofishin dabbobi na yankinku ranar da za a yi allura, ku kai naku, ku adana takardar.

ABIN TUNAWA

Lafiyayyen kare mai allura kaɗai a ke yanke wa farce a gida.
A yanki kaɗan, a yi a kai a kai.
A cire matacce, a bar ɗanye.
Kada a manta da ƙaramin yatsan sama.
Karce da cizo hukuncinsu ɗaya: sabulu da ruwa minti 15, sa'an nan asibiti ran nan.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa farcen ƙaramin kare ya fi na karen farauta tsawo?
2. Faɗi alamu uku da ke nuna farce ya wuce kima.
3. Wane irin kare ne ba a taɓawa? Faɗi iri huɗu.
4. Yaya za ka san inda za ka tsaya in farcen baƙi ne?
5. Me a ke sa wa farcen da ya yi jini, me kuma ba a sawa?
6. Yaro ya shigo da karce a hannu, ba jini, ya ce kwikwiyon maƙwabta ne. Faɗi abin da za ka yi, bi da bi.
7. Yaushe a ka yi wa karen gidanku allura, ina kuma takardar ta ke?

Wanda bai iya amsa ta 7 ba, ya nemi malamin dabbobi cikin makon nan. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.